An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Sabuwar Furosesa Ba Ta Rage Nisan Kano da Turai

Akwai wani yaro a layinmu, ɗan abokina, da ke zaman shagon POS. Ya daɗe yana tara kuɗi yana matse bakin aljihu, burinsa ya canja furosesar kwamfutarsa ta tebur, wato ƙwaƙwalwar da ke yi mata lissafi. Kukansa ɗaya ne: duk daren da ya shiga Counter-Strike 2, wasan harbe-harbe na intanet, sai an kwantar da shi kafin ya ga wanda ya harbe shi. Ya kai ƙorafin wajen wani mai sayar da kayan kwamfuta. Shi kuwa mai shago ko tambayarsa irin intanet ɗin da yake amfani da shi bai yi ba, ya ce, "Ai furosesarka ce ta gaji. Sa i7 kawai ka huta da lagin," wato jinkirin wasa.

Ya saya, aka ɗora masa. Da na leƙa shi bayan isha'i, na tarar yana ta tsaki a gaban allo. Na ce ya kunna lambobin nan da wasan ke nunawa a kusurwa. Yawan hotunan da ke fita a sakan ya ɗan ƙaru. Ping kuwa, wato jinkirin zuwa da dawowar saƙo a intanet, yana nan daram inda ya bar shi, yana lilo tsakanin 140 da 200, wani lokaci ya zabura ya wuce. Ya juyo ya ce, "Baba, anya ba jabu aka sayar mini ba?"

Ba jabu ba ce, lafiyarta ƙalau.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne maganar mai shagon ta zama ruwan dare. A wajen masu gyara, a gidajen gem, a majalisar samari, da an ce wasa yana jan ƙafa sai ka ji an ce a canja furosesa. Ni a ganina, ga mai buga wasa ta intanet daga Kano ko Kaduna ko Maraɗi, furosesa ce abu na ƙarshe da ya kamata ya zuba wa kuɗi, sai fa in ya gwada ya kama ta dumu-dumu. Akwai yanayin da take gyara wasa sosai, zan zo kansa. Amma abin da galibinmu ke kuka da shi ba a cikin akwatin kwamfuta yake ba.

Aiki biyu ne ke tafiya lokaci guda

Na farko a ɗakinka ake yin sa. Furosesa ce ke lissafin inda kowa yake tsaye, inda harsashi ya nufa, ƙarar takun ƙafa da abin da ka danna, sai ta miƙa wa katin hoto ya zana. Yawan zanen da ake yi a sakan ɗaya shi ne FPS ɗin da 'yan wasa ke yawan ambata. In ana zana hoto 30 a sakan, kowane hoto yana cin milisakan 33, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. In 60 ne, kusan 17. In 144 ne, kusan 7. In 240 ne, 4 da 'yar ɗoriya.

Ka ga ke nan daga 60 zuwa 240, wato ka ninka ƙarfin na'urarka har sau huɗu, abin da ka rage a kan kowane hoto bai kai milisakan 13 ba. Da yake hotuna kan bi layi kafin su fito a allo, ribar da hannunka zai ji tana iya ninka haka sau biyu ko uku. To a riƙe wannan.

Aiki na biyu a waje yake. Ba kwamfutarka ce ke yanke hukuncin wanda ya riga harbi ba. Wata babbar kwamfuta ce ta kamfanin wasan, saba, da ke zaune a wani birni. Duk abin da ka danna sai an tura mata, ta haɗa da na sauran 'yan wasa, ta maido maka da sakamako. Lokacin zuwa da dawowar nan shi ne ping.

Alamominsu ma ba ɗaya ba ne. In ka shige bayan bango sannan aka kashe ka, ko kana gudu sai ka ga an fizgo ka baya, ko a wasan ƙwallo na EA Sports FC ka danna fasin ɗan wasanka ya tsaya yana tunani kafin ya buga, wannan hanya ce. In kuwa hoto ne ke yankewa duk sanda mutane suka taru wuri guda, aka jefa gurnetin hayaƙi, abubuwa suka fashe, kuma yana yin haka ko babu intanet, to na'urarka ce.

Nisa ba ya jin lallashi

Haske a cikin wayar faiba yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a sakan. Da gudu, amma ba nan take ba. Duk kilomita 1,000 yana cin milisakan 5 zuwa, 5 dawowa.

Yawancin manyan wasannin kwamfuta a sabobin Turai suke jefa mu: Furankfut, Landan, Faris, Madrid. Daga Kano saƙonka sai ya gangara Legas tukuna, kimanin kilomita 1,000. Daga nan ya shiga teku. Kebul ɗin MainOne, da ya fara aiki a 2010, yana da tsawon kilomita 7,000 daga Legas zuwa Fotugal. Glo-1 da ya nufi Ingila ya kusa 10,000. Daga Fotugal zuwa Furankfut akwai wani kusan 2,000. Haɗa duka, kana maganar kilomita 10,000 zuwa, 10,000 dawowa. Milisakan 100 ke nan, kafin a sa jinkirin ƙarfen sabis, da na na'urorin da ke kan hanya, da cunkoson dare. Ɗan wasan Zinder ko Maraɗi nasa ya fi haka, don Nijar ba ta da teku, sai saƙonsa ya ratsa ƙasar maƙwabta kafin ya ga kebul.

Wanda kake fafatawa da shi yana zaune a Jamus, ping ɗinsa 10 ko 15.

In za ka aika wasiƙa Legas a motar haya, sayen alƙalami mai gudu ba zai matso da Legas kusa da Zariya ba. Za ka gama rubutu da wuri, wannan gaskiya ne. Direba dai sai ya bi hanyar.

Duk wanda ke shakkar cewa a teku abin yake, ya tuna ranar 14 ga Maris, 2024, da kebul huɗu suka lalace a gaɓar Kwaddebuwa: MainOne, WACS, SAT-3 da ACE. Hatta tura kuɗi a banki sai da ya gagara a wurare da yawa. Ranar mai i9 da mai Pentium duk zaman jira suka yi.

"To ni na canja, kuma na ga bambanci"

Na yarda. Ban ce ƙarya kake yi ba. Amma zauna mu lissafa abin da aka canja ranar.

Mai gyara ya buɗe akwati ya busa ƙura. Ya goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ya shafa sabo. Sau da yawa sabuwar furosesa ba ta shiga tsohon madabod, babban faifan da ake dasa komai a kai, sai a canja shi, a canja RAM, ma'ajiyar aikin da ake kai, a sake ɗora Windows fes, duk tarkacen manhajojin da ke tashi da kansu su tafi. Abu huɗu ko biyar aka taɓa, yabo ya tafi wajen wanda ya fi tsada.

Kuma ko da furosesar ce da kanta ta kawo bambancin, duba abin da ya gyaru. Wasan ya yi santsi, linzami ya bi hannu, yankewar hoto ta ragu. Wannan riba ce ta gaske, kuma tana sa mutum ya fi iya saiti. Lambar ping dai ba ta motsa ba. Har yanzu za a kashe ka a bayan bango, sai dai yanzu za ka ga mutuwar taka tar, ba yankewa.

Wasannin gasa ma ba don manyan na'urori kaɗai aka gina su ba. Lokacin da wasan harbe-harbe na Valorant ya fito a 2020, mafi ƙarancin furosesar da kamfanin Riot ya nema ita ce Core 2 Duo E8400, wadda aka yi tun 2008, don hoto 30 a sakan. Don 60 kuma i3-4150 ta 2014. Kamfani yana son jama'a su shigo, ba ya son ya kore su da tsada.

"Na gani da idona a YouTube"

Ka gani, kuma alƙaluman nasu daidai ne. Amma lura da yadda suke gwajin. Sukan haɗa furosesar da katin hoto mafi ƙarfi a kasuwa, irin RTX 4090 da ya fito a Oktoban 2022 a kan dala 1,599, sannan su sauke ingancin hoto zuwa 1080p. Da gangan suke yi, don kada katin ya zama shi ne mai riƙe ƙafa, a ga iyakar furosesar tsirara. Hanyar awo ce mai kyau. Ba yanayin ɗakinka ba ne.

Kai katinka GTX 1050 Ti ne na 2016, ko GTX 1650 na 2019, wani ma babu kati gaba ɗaya. In katin ya riga ya cika da aiki, ko wace furosesa ka kawo zaman jiransa za ta yi. Sannan in allonka mai 60 ne, hoto 60 cikakku zai nuna maka a sakan, ko na'ura tana fitar da 300. Akwai 'yar riba a saurin amsa hannu, amma ba wadda za a sayar da akuya a kanta ba.

Ƙwararrun 'yan wasa da ake misali da su kuwa, manyan gasanninsu irin waɗanda aka yi a Katowice a Folan da Kolon a Jamus a zaure ɗaya ake yin su, saba tana nan kusa da su, an haɗa kowa da waya. Ping ɗinsu kusan sifili ne. Wanda ya kawar da milisakan 100 na hanya, shi ne ke da damar damuwa da 3 na furosesa.

Sitikar i7

Wannan ita ce ta fi cin kuɗin mutane a kasuwannin kwamfutocin hannu, daga Kano har Abuja da Ikeja. An sa a ka cewa i7 ta fi i5, i5 ta fi i3, shi ke nan. Ba a tambayar jenareshan, wato zubin da ta fito a ciki, tsoho ne ko sabo.

i7-4770 ta 2013 ƙwaya huɗu gare ta, wato sassan lissafi huɗu a cikinta. i3-12100 ta 2022 ita ma huɗu, kuma a wasa tana yi wa waccan fintinkau. i7-7500U da ke cikin laftof da yawa, masu sitika mai ƙyalli, ƙwaya biyu ce kacal, don an yi ta ne ta tattala batir a ofis. Mutum zai biya kuɗin suna ya koma gida da na'urar rubuta takardu.

Masu laftof ma maganar canji ba ta taso musu ba. Tun daga zubi na 5 na Intel, kusan duk furosesar laftof a manne take da madabod da dalma, ba a zare ta. In wani ya ce zai ɗaga maka i5 zuwa i7 a irin wannan na'ura, ko madabod ɗin gaba ɗaya zai canja, ko sitika.

Mai tebur kuma ya yi lissafin jelar da ke biye. Intel ta canja soket, ramin da furosesa ke zama a madabod, a 2020, ta sake canjawa a 2021, ta kuma canjawa a 2024. AMD ta koma AM5 a 2022, wanda ba ya karɓar RAM sai DDR5. Furosesa ɗaya ka je saye, sai ka tarar da madabod, RAM, ƙarfen sanyaya, wataƙila har da tukunyar wuta, akwatin da ke rarraba wa na'urar lantarki, a cikin lissafin. Duk da dala ake shigo da su, dalar da kafin Yunin 2023 take wajen naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500.

Ga kuma wuta. i9-14900K tana iya jan wat 253 ita kaɗai, fiye da fankar sama uku, ba a sa katin hoto ba. Mai dogaro da inbata da sola ya san abin da wannan ke nufi da ƙarfe goma na dare.

Zafi da ƙura

A nan zan ɗan daɗe, don a nan ne na ga kwamfutoci da yawa da aka yanke wa hukuncin tsufa alhali numfashi kawai suke nema.

Furosesa tana da dabarar kare kanta. In zafinta ya doshi digiri 95 zuwa 100, sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Kamfanonin da suka ƙera ta sun yi gwajinsu a ɗaki mai sanyi. Mu kuwa a watan Afrilu zafin Kano yana wuce digiri 40 a inuwa, ɗakin kwano ya fi haka. Iskar da fanka ke ja don ta sanyaya na'ura, ita kanta da zafinta take shiga.

Sai hunturu ya zo da nasa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mai gyara yana kwance laftof da ta shekara biyu ba a buɗe ba ya san abin da nake nufi. Tsakanin fanka da siraran haƙoran ƙarfen da iska ke fita, za ka ga ƙura ta haɗu da zaren bargo da gashi ta yi wani kauri ruwan toka, a toshe ruf. Da yatsa biyu ake zare ta, ta fito gaba ɗaya a dunƙule da siffar wurin. In aka ɗaga bututun tagulla, man da ya kamata ya kasance da danshi ya bushe ya tsattsage, ana kankare shi yana zuba gari-gari. Fankar tana ta ihu duk tsawon lokacin nan, amma iskar ba ta da mafita.

Alamar wannan a bayyane take. Ka kunna wasa, farkonsa lafiya lau. Bayan kwata na awa sai ya fara yankewa, gefen hagu na na'urar ba ya taɓuwa. Tsohuwar furosesa tun daga minti na farko take nuna gazawarta. Wadda ta fara da kyau sannan ta sare, zafi ne ya kayar da ita. In ka sa mai ƙarfi a wannan akwatin ba tare da gyara iska ba, ita ma haka za ta yi, da wuri ma, don ta fi fitar da zafi.

Ƙara da masu ɗora laftof a kan katifa, ramukan iskar suna ƙasa. Ƙara da ɗauke wuta: da caja ta daina aiki, laftof ɗin wasa takan sauke ƙarfinta sosai don batir ya jure. Mutum yana tsakiyar wasa, NEPA ta ɗauke, FPS ya faɗi, ya ce na'ura ta tsufa.

Akwai kuma RAM. Laftof da yawa da sanda ɗaya suke zuwa, ramin na biyu a buɗe. In babu katin hoto na daban, sashen zanen da ke cikin furosesa da RAM ɗin yake aiki, sanda biyu kuwa suna ninka faɗin hanyar. Wannan ƙaramin ƙari yakan yi abin da mutane ke zaton sai sabuwar na'ura.

"Ai netwok ɗina 5G ne"

MTN ta fara 5G a Najeriya a 2022, Airtel ta biyo a 2023, Starlink mai intanet ta tauraron ɗan'adam ma ta shigo a Janairun 2023, Najeriya ce ƙasar farko a Afirka. Duk ci gaba ne. Amma lambar da ake tallatawa, megabit kaza a sakan, yawan kayan da hanya ke ɗauka take faɗa, ba lokacin isarsu ba. Wasan intanet ba mai cin data ba ne. Awa guda ba ta cika wuce megabayit ɗari ko ɗari biyu ba, bidiyo ya fi shi ci nesa ba kusa ba. Abin da yake so shi ne ƙananan saƙonni su riƙa isa a kan kari, ba ɓata, ba tsalle. Sabar Valorant sau 128 take sabunta lissafinta a sakan. In saƙo biyu ko uku suka ɓace a jere, kai ne za ka ga an fizge ka.

Shi ya sa ping 130 da ke tsaye cak ya fi mai yawo tsakanin 90 da 250. Hannu yana sabawa da jinkirin da ba ya canjawa. Mai tsalle ba a saba masa.

Tsallen nan kuwa sau da yawa daga cikin gida yake farawa. Maifai tana falo, kai kana ɗaki, bangon bulo biyu a tsakani. Ƙanwarka tana TikTok, wani yana ɗora bidiyon biki a WhatsApp, Windows tana sauke sabuntawa a ɓoye. Daga magariba zuwa sha ɗaya duk unguwa tana kan ƙarfen sabis ɗaya. Wayar intanet ta mita goma daga rauta zuwa kwamfuta kuɗinta bai taka kara ya karya ba, amma kusan ba wanda ke tallata ta, don ribarta ba ta kai ta furosesa ba.

Starlink tana tsallake matsalar ƙarfen sabis, taurarinta suna kewayawa a nisan kimanin kilomita 550 kawai. Amma sabar tana nan a Turai, tafiyar ba ta fasa ba.

Gwajin da ba ya cin ko sisi

Cire intanet ka buga da kwamfuta. A Counter-Strike 2 ka shiga da 'yan wasan na'ura, a EA Sports FC ka buga wasan sada zumunci. In komai ya tafi sumul, to ka wanke furosesarka, ka juya wajen netwok. Ka duba ping bayan asuba, ka sake dubawa bayan isha'i. In akwai tazara mai yawa, cunkoso ne.

In yankewar tana nan ko babu intanet, sauke ingancin hoto daga 1080p zuwa 720p. FPS ya yi sama? Katin hoto ne ke riƙe ka. Bai motsa ba? To yanzu an fara zargin furosesa, ko zafi, ko RAM. Danna Ctrl da Shift da Esc tare ka ga yadda kowa ke aiki. Katin da ke kan kashi 97 zuwa 99 ya kai iyakarsa. A kula da lambar furosesa, tana yaudara: wasa yana iya cika ƙwaya ɗaya ko biyu maƙil alhali jimillar tana nuna kashi 40. Manhajar MSI Afterburner kyauta ce, tana nuna zafi da gudun kowace ƙwaya a kan allo kana cikin wasa.

Mai shagon kirki shi zai fara yi maka waɗannan tambayoyin. Akwai su, ba a taru aka zama ɗaya ba.

Wanda ya kamata ya saya

In kana da ɗaya daga tsofaffin kwamfutocin ofis da suka cika kasuwa, masu i5-3470 ta 2012 ko i5-4570 ta 2013, ka sa mata kati mai kyau, kana buga Fortnite inda mutum 100 ke sauka a tsibiri ɗaya, ko Warzone, to furosesar ce ke shaƙe ka, ba musu. Haka mai buga wasa yana watsa shi kai tsaye a lokaci guda. Haka mai allo na 144 da kati mai ƙarfi da FPS ɗinsa ya ƙi wuce 80 ko ya sauke komai ƙasa. Counter-Strike 2, tun fitowarsa a Satumban 2023, ya fi wanda ya gada nauyi a kan furosesa.

Masu sa'a su ne masu madabod na AM4, soket ɗin AMD da ya gabaci AM5. Wanda ke da Ryzen 5 1600 ta 2017 ko 2600 ta 2018, sau da yawa zai iya sa Ryzen 5 5600 a soket ɗin nan ba tare da canja komai ba, ko 5800X3D da ta fito a Afrilun 2022 da ma'ajiyar cikin gida mai megabayit 96, wadda wasanni ke jin daɗinta ƙwarai. Nan kam kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Sai dai dole a sabunta BIOS, manhajar da ke cikin madabod, kafin a cire tsohuwar furosesar, kuma kada a kuskura a yi wannan a kan wutar NEPA tsura. In aka ɗauke ana tsakiyar aikin, madabod na iya mutuwa murus. A yi shi a kan inbata ko UPS.

Akwai wani dalilin da ba ruwansa da gudu. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa a hukumance sai Intel zubi na 8 ko Ryzen 2000 zuwa sama. Valorant a kan Windows 11 yana neman matakan tsaro na TPM 2.0 da Secure Boot saboda masu maguɗi, Battlefield 6 ma bai yarda a shiga ba Secure Boot ba. Wanda tsohuwar na'urarsa ta kasa wannan, zai canja ne don a buɗe masa ƙofa. Ya sani dai abin da ya saya ke nan.

Inda kukan ya kamata ya nufa

Kamfanoni sun fara kusantar nahiyar, amma daga kudu. Microsoft ta buɗe cibiyoyin sabobinta a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ta buɗe a Kef Tawun a 2020, Valve kuma, mai wasannin Counter-Strike da Dota 2, tana da sabarsu a Johannesbag. Kebul ɗin Equiano na Google, da ya sauka Legas a 2022, ya haɗa Fotugal da Afirka ta Kudu. Duk da haka Johannesbag ba kusa ba ce, kuma wani lokaci saƙon da aka nufi kudu da shi sai ya leƙa Turai tukuna, gwargwadon yarjejeniyar kamfanin da ke ba ka intanet. Wannan tambaya ce da mai biyan kuɗin data ke da haƙƙin yi musu.

Da sabar tana Legas, zuwa da dawowa daga Kano kilomita 2,000 ne, milisakan 10 a cikin faiba maimakon 100. Wurin ajiye ta akwai, don Legas tana da manyan cibiyoyin adana bayanai, ga kuma IXPN inda kamfanonin intanet na cikin gida ke musayar saƙonni ba sai an fita waje ba. Abin da kamfanonin wasa ke dubawa shi ne yawan 'yan wasa da abin da suke kashewa. Su ba sadaka suke yi ba, inda suka ga taro nan suke kafa rumfa.

Kafin nan, masu gidajen gem suna da abin yi da bai buƙaci izinin kowa ba. Kwamfuta goma a ɗaki ɗaya, akwatin haɗi guda, wayoyi goma, ɗaya daga cikin na'urorin ta zama saba. Counter-Strike yana ba da damar haka. Ping zai sauko ƙasa da 5, ko an yanke kebul a teku ba ruwan kowa. A irin wannan ɗakin ne mai 5800X3D zai zauna kusa da mai i5-4570, a jefa hayaƙi a tsakiyar fili, kowa ya ga allon wa zai yanke.